Ajiyar Ɓaunar Alhaji Nomau

A wani gari da ke bakin fadama, inda idan damina ta kankama jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya sa ƙafa a hanya, akwai wani manomin shinkafa da ake kira Alhaji Nomau. Mutum ne mai kirki daidai gwargwado. Zai ba ka tuwo, zai ba ka shawara ko ba ka nema ba, in ka rasu kuma da shi za a yi sahun gaba. Abu ɗaya ne ba ya bayarwa, shi ne aron babur ɗinsa.

Babur ɗin kuwa ba irin wanda aka saba gani ba ne. Ƙafa huɗu gare shi, kowace taya kamar turmi, ga wurin ɗora kaya gaba da baya. A gwanjo ya saye shi, lokacin da wasu masu aikin gona suka naɗe tabarmarsu suka bar yankin. Ranar da ya shigo da shi gari, dattawa suka kwashe yini suna gardama a ƙofar masallaci, wasu na cewa mota ce ba ta gama girma ba, wasu na cewa babur ne ya ƙoshi. Da suka ga yadda abin ke kutsa taɓo yana huci, sai suka haɗu a kan suna ɗaya, suka ce Ɓauna.

To, Ɓaunar nan Allah ya yi ta da wata irin lalura. Ba ta taɓa tashi lafiya a ranar da wani ke bukatarta ba. In ka zo aro da safe, Alhaji Nomau zai ɓata fuska ya ce ai jiya da tari ta kwana. In ka zo da yamma, ya ce jikinta da zafi, yanzu ma yake shirin kiran bakanike. Kai kuwa ka yi mata fatan sauƙi ka kama hanyar fadama da ƙafa. Ba za ka yi nisa ba sai ka ji ta ta biyo bayanka garau, ta wuce ka, ta bar maka laka a riga.

Ana nan, sai gwiwar Alhaji ta dama ta ƙi shi. Ya sha saiwa, ya sha shafe-shafe, har ta kai sallah ma a zaune yake yi. 'Yarsa da ke aikin jinya a Kaduna ta sa ƙafa ta ce sai an yi aiki. Likita ya ce tsakanin aikin da koyon tafiya, ya shirya zaman wata biyar. Ga shi kuma ruwan farko ya sauka.

Gona ba ta dame shi ba, ƙannensa za su duba. Gida ma bai dame shi ba, ga matarsa Hajiya Yelwa. Wuƙar likita ita ma bai sa ta a lissafi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne wata biyar cur, damina guda, Ɓauna na tsaye a rumfa babu mai cewa ba ta da lafiya.

Sai ya aika aka kira Kallamu bakanike, wani siriri mai baki kamar reza, wanda shi kaɗai aka yarda ya taɓa Ɓauna, shi ma sai mai ita na tsaye a kansa.

“Kallamu, so nake ka kwantar min da ita yadda zan dawo in tarar da ita kamar yau.”

“An gama, Alhaji. Da fari a yi mata wanka. Lakar nan in ta bushe a jikin ƙarfe wata biyar, tsatsa za ka dawo ka hau.”

Aka wanke ta tas, har da tsinke ake bin lungu. Kallamu ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya bi duk wata gaɓa da giris. Sannan ya kawo jarka ya tsiyaye fetur ɗin tanki har ɗigon ƙarshe.

“Wannan kuma na mene ne?”

“Fetur in ya daɗe a zaune tsami yake yi, Alhaji, kamar kunun jiya. Ya toshe maka kafireta, ka dawo ka ce Kallamu ne.”

“Ai ko bai toshe ba kai ne.”

Kallamu ya yi dariya, ya yagi tsumma ya cusa a bakin salansa, wato bututun hayaƙi, ya ɗaure da waya. Ya ce wannan maganin zanzaro ne, don in ya samu ramin nan zai gina bene a ciki ya zuba 'yan haya. Ya barbaɗa toka a ƙasa saboda gara, ya zuba dakakken barkono a ƙarƙashin kujera saboda ɓeraye masu cin waya. Alhaji ya yi atishawa bakwai a jere, ya ce lalle wannan ɓeran da ya zo sai ya yi wasiyya. Daga nan aka ɗaga ta da jak aka ɗora a kan bulo huɗu don kada nauyi ya kwantar da tayoyi, aka cire batir aka ajiye gefe.

Kallamu ya goge hannu ya ce, “Shi ke nan, sai a rufa tamfol. Ka tsira daga tsatsa, ka tsira daga gara, ka tsira daga ɓera.”

“Masu aro fa?”

“Wannan maganin ba a gareji ake haɗa shi ba, Alhaji.”

Hajiya Yelwa, da ke tsintar wake a bakin rumfa, ta ɗago ta ce, “Ka bar min makullin mana. Rai ya yi halinsa, ko wani abu ya taso, ga hanya ba kyau.”

“Ke? Ke da in an yi miki sallama sau biyu kike ba da tukunyar da ke kan wuta?”

“To ka tafi da ita asibitin, a ba ku gado biyu.”

Alhaji ya zauna a kan turmi yana kallon batir, yana kallon tayoyi. Ya san garinsu. Makulli ba ya hana komai. Fetur kuwa ko a kwalba ana sayarwa. Muddin batir da taya suna gida ɗaya, wata rana sai an zo da wata magana mai taushi, an haɗa Hajiya da Allah da Annabi, ta buɗe rumfa. Can sai fuskarsa ta washe, irin washewar mutumin da dabara ta faɗo wa, wadda da ma ita ce alamar da ya kamata iyali su fara salati.

“Kallamu, kwance tayoyin nan duka huɗu.”

“Ai ba sai an kwance ba, tunda tana kan bulo.”

“Kwance dai. Ajiya zan kai.”

A garin nan akwai mutum biyu da kowa ya san ba sa ga-maciji: Barau mahauci da Ilu mai injin niƙa. Gonakinsu na shinkafa suna manne a can ƙarshen fadama, kuma wata tsamiya ce ta haɗa su, gindinta a gonar Barau, inuwarta a gonar Ilu. Barau ya ce mai gindi shi ke da 'ya'ya. Ilu ya ce wanda inuwa ta kashe wa shuka shi ke da su. Mai gari ya zauna a kan maganar ya gaji, liman ya yi huɗuba uku ba tare da ya kama suna ba, kowa ya juya yana kallonsu. Tsamiyar ma iska ta kayar da ita shekara tara da suka wuce, an yi itace da ita an cinye tuwon, amma gabar tana nan da ganyenta shar. Shekara goma sha huɗu ko sallama ba ta shiga tsakaninsu ba. Matar Barau a wani gari take kai niƙa. Gidan Ilu kuwa sun koma cin kifi.

Alhaji Nomau ya sa aka ɗora batir a baro, ya ɗingisa har rumfar Barau.

“Barau, amana na kawo maka. Batir ɗin Ɓauna ne, kuma ka san irinsa sai birni. Ka riƙe min har in dawo.”

Barau ya ajiye wuƙa, ya karɓa da hannu biyu, idonsa na ƙyalli. “Ba komai, Alhaji. Ita Ɓaunar tana gida ke nan, da tayoyinta da komai?”

“Tana gida. Tayoyin dai suna wurin Ilu.”

Ƙyallin ya mutu nan take. Barau ya tofar da yawu gefe. “Alhaji, ko Makka tayoyin nan za su kai ni, na yafe.”

Daga nan ya sa aka gangara da tayoyi zuwa wurin injin. Ilu ya fito fari fat da gari har gira, ya shafa taya ɗaya kamar mai taya ragon layya.

“Allah ya ba ka lafiya, Alhaji, za ka same su yadda ka bar su. Batir ɗin fa, a jikinta ka bari? Kada ya mutu.”

“Yana wurin Barau.”

“Wane ne haka?” in ji Ilu. “Ban san mai wannan suna ba.”

Alhaji Nomau ya koma gida har yana mance ɗingishi. Ya zare makulli ya zura a igiya ya rataya a wuya, ya rufa wa gangar jikin Ɓauna tamfol, ya ɗaure kusurwa huɗu da ƙulli irin na bakin buhu. Ya ce wa matarsa, “Kin ga aikin hankali. Ko kin so ki ba da aro, babu abin bayarwa. Kafin batir ɗin nan ya ga tayoyin nan, sai raƙumi ya yi ƙaho.”

Hajiya Yelwa ta ce, “Allah ya ba da sa'ar aiki,” ta ci gaba da tsintar wakenta.

Aka yi aiki a Kaduna, aka dace. Ma'aikatan asibiti sun yi fama da shi ya cire igiyar wuyansa kafin a shiga da shi, ya ce sai dai a fasa. Da ya farfaɗo, kafin ya tambayi ƙafarsa sai da ya laluba makulli. Duk Juma'a yakan buga wa Hajiya waya, a gaisa a gurguje, sannan a zo kan magana.

“Ya Ɓauna?”

“Lafiyarta ƙalau. Duk gidan nan ta fi kowa lafiya.”

“Ba wanda ya zo aro?”

“Ko mutum ɗaya bai tambaye ni ba, Alhaji.”

Sai ya kashe waya ya gyara kwanciya, ya shiga ba maƙwabcinsa na gado labarin yadda ake zama da mutanen ƙauye. Ya ce su ba a yi musu da ƙarfi, da ilimi ake yi musu.

Wata biyar suka cika, shinkafa ta nuna, ya dawo da sabuwar gwiwa da sandar ƙarfe. Tun daga tasha ya lura gaisuwar mutane ta yi yawa. Wanda da can daga nesa yake ɗaga masa hannu, yau sai ya tsallako ya kama hannunsa biyu. Wata tsohuwa ta tare shi a bakin rijiya tana ta sa albarka.

“Allah ya saka maka da alheri, Alhaji. Ba don kai ba, da jikata a bakin rafi za ta haihu.”

“Amin, amin, Iya,” in ji shi, yana tunanin tsufa ya fara taɓa ta. A ransa kuma ya ce, ashe dai mutum ba ya sanin darajarsa sai ya yi tafiya.

Bai ko sha ruwa ba ya wuce rumfa. Ga tamfol nan a rufe, kusurwa huɗu a ɗaure. Ya yi hamdala. Ya kwance ƙulli ɗaya ya ɗaga. Bulo huɗu suna nan inda aka jera su, ba wanda ya gusa. A kansu an gicciya wani tsohon ƙyaure, a kan ƙyauren kuma ga buhunan ƙaiƙayi an tsara su, har da tudu wajen kujera.

“Yelwa!”

Ta fito tana goge hannu a zane. “Sannu da hanya, Alhaji. Ya ƙafar?”

“Bar ƙafa! Ina Ɓauna?”

“Tana fadama, yau ana kwasar shinkafa.”

“Da wace ƙafar ta tafi fadama?”

“Da nata guda huɗu.” Ta jawo kujera ta tura masa. “Zauna, likita ya ce kada ka daɗe a tsaye. Sati uku da tafiyarka ruwa ya cinye hanyar ƙarshen fadama. Taki na gida, gona na can, jaki ya ƙi shiga. Rannan da hantsi na ji sallama, na leƙa, sai ga Malam Ilu ya gangaro da taya huɗu. Yana isowa ya tarar da Malam Barau zaune a ƙofar rumfa da batir a cinya. Wannan bai dubi wancan ba, wancan bai dubi wannan ba. Ɗaya ya ɗaura taya, ɗaya ya sa batir, aka zuba fetur na kwalba. Malam Ilu ya haɗa wasu wayoyi biyu, sai ji na yi ta ɗauka.”

Alhaji Nomau ya kama makullin da ke wuyansa ya dube shi, kamar yau ya fara ganinsa.

“Ke kuma kina tsaye kina kallo?”

“Cewa ka yi kada in ba da aro. Ba wanda ya nemi aro. Ni ko kallona ba su yi ba bayan sallama.”

“Duk Juma'a ina tambayarki!”

“Kana tambaya ko lafiyarta ƙalau. To ka taɓa ganin ta yi wata biyar ba ta yi tari ba sai bana?”

Ana cikin haka sai ya jiyo wani gurnani daga bakin layi, gurnanin da ko cikin kasuwa zai gane shi. Ya dogara sanda ya fita ƙofar gida.

Ga Ɓauna nan tafe, laka har wuya, buhu uku a gaba, huɗu a baya. Ilu ne ke tuƙi, ya ɗaure hula da ƙyalle. A bayansa, a matse tsakaninsa da buhuna, ga Barau da ƙaton cikinsa, ya zagaye ƙugun Ilu da hannu biyu ya riƙe gam, fuskarsa kuma ya kawar da ita gefe kamar mai wuce bola. Da suka zo kwana, Barau ya mintsini Ilu a haƙarƙarin dama, Ilu ya karya dama. Suka tsaya cak a gaban mai ita.

“A'a, Alhaji! Saukar yaushe? Barka da arziki!” in ji Barau. “Don Allah gaya wa direban nan ya kashe inji, ba na jin gaisuwarka.”

“Sannu da dawowa, Alhaji,” in ji Ilu. “Gaya wa kayan da ke bayana ya sake min ƙugu, an iso.”

Alhaji Nomau ya nuna su da sanda. “Barau! Ba amana na ba ka ba?”

“Amana ka ba ni, kuma ga ta nan a raye. Batir kamar doki ne, Alhaji, in aka ɗaure shi wata biyar ba motsi, gawa za ka tarar. Na duba duk garin nan ban ga abin da zai shiga ba sai Ɓauna. Da in mayar maka da mushe, ai gara in wahala.”

“Kai fa, Ilu?”

“Taya in ba ta juyawa tsagewa take yi. Ni kuma ba zan iya bin taya huɗu da gudu kowace safiya ba, da girmana.”

“Haihuwar jikar Iya fa? Ita ma don kada taya ta tsage ne?”

“Wannan hanya ce ta biyo,” in ji Ilu. “Da ita, da amaryar gidan wanzamai, da buhunan takin liman. Duk mun ce a yi maka addu'a, kai ne mai abin.”

Mutane sun fara taruwa, kowa na ƙunshe dariya. Alhaji Nomau ya zagaya Ɓauna yana dubawa, yana neman inda aka fasa ko aka lanƙwasa don ya samu abin kamawa. Babu. Giris sabo, baƙin mai sabo, har madubin da ya tsage tun bara an canja. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya dawo gabansu ya buga sanda a ƙasa.

“Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Ku gaya min gaskiya. Mai gari ya kasa, liman ya kasa, shekara goma sha huɗu! Na dogara da ku, na tafi na kwanta a gadon asibiti da kwanciyar hankali. Ashe ina juya baya za ku shirya?”

Barau ya sauko da ƙyar, ya gyara riga, ya dube shi da mamaki na gaske.

“Shirya? Ni da wannan? Wa ya gaya maka? Wallahi wata huɗu da sati ɗaya ina bayansa, ko sannu ban ce masa ba.”

“To in ba ku shirya ba, me ya haɗa ku a kan babur ɗina, har da rungume-rungume?”

Barau ya sa kafaɗa ya sauke buhun farko, ya dire shi a ƙofar gidan, ya karkaɗe hannu.

“Alhaji, gaba ce tsakaninmu, ba hauka ba.”